Mai kai sammaci a Bronx: a wane kundin intanet zai sa sunansa?

"Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a Bronx, a birnin New York. Shekara biyu ke nan ina kai sammaci a ƙarƙashin wani kamfani, suna biyana a kan kowace takarda, kuma ina da lasisina na birni. Yanzu ina so in tsaya da ƙafata, lauyoyi su riƙa kirana kai tsaye. Wani ya bugo mini waya ya ce zai saka sunana a kundayen sana'o'i fiye da 100 a intanet idan zan riƙa biyansa duk wata. Abokina kuma ya ce Google kaɗai ya isa. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Ta ina zan fara, kuma anya wannan hanya tana kawo aiki kuwa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Tambayarka biyu ce a haɗe: shin saka suna a kundayen nan yana kawo aiki, idan kuma yana kawowa, wanne ne ya cancanci lokacinka da 'yan kuɗinka. Yana kawowa, amma ba daga kundi 100 ba. Waɗanda ke aiki a sana'armu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Abokinka ya fi mai wayar kusa da gaskiya, sai dai shi ma ya bar rabin maganar a baya. Kuma abin da kundi ke kawo maka iri ɗaya ne: kiran farko daga baƙon da bai san kowa a Bronx ba kuma yana cikin gaggawa. Idan ka gane wannan baƙon, duk sauran shawarar za ta zo maka da sauƙi.

Ga masu karatu daga gida, waɗanda za su yi mamakin yadda kai sammaci ya zama kasuwanci har ana talla: a Najeriya aikin ma'aikacin kotu ne, shi ke ɗaukar takarda ya kai wa wanda ake ƙara. A Amurka ba haka ba ne. Dokar kotunan tarayya ta yarda duk wanda ya kai shekara 18 kuma ba ya cikin shari'ar ya kai sammaci, jihohi da yawa ma haka suke, shi ya sa abin ya zama sana'ar masu zaman kansu. Kowane wuri da ƙa'idarsa. A Kalifoniya wanda ke kai takarda fiye da 10 a shekara don a biya shi sai ya yi rajista a ofishin akawun gunduma ya ajiye lamunin dala 2,000. A Texas akwai hukumar da ke ba da takardar shaida. A birnin New York kuwa, wanda ya kai takarda 5 ko fiye a shekara sai da lasisin hukumar kare masu saye da ma'aikata, wato DCWP. Ni a nan New York nake aiki, kuma ni ba lauya ba ne, don haka abin da zan faɗa game da doka na nan ne. Wanda ke wata jiha ya duba tasa.

Wa ke neman ka a intanet?

Manyan ofisoshin lauyoyi da ke shigar da ƙarar bashi ko ta haya da ɗaruruwa ba sa neman ka. Suna da kamfanin da suka ƙulla da shi tun da daɗewa, mai yiwuwa ma irin wanda kake yi wa aiki yanzu. Kada ka rubuta tallarka da su a zuciya.

Mai neman ka ita ce mataimakiyar lauya a wani ƙaramin ofis a Atlanta ko Chicago. Ƙarfe huɗu na yamma maigidanta ya ajiye mata fayil ya ce wanda ake ƙara ya koma Bronx, kuma wa'adi ya kusa. Wa'adin nan ba wasa ba ne: a kotun tarayya kwana 90 ne daga shigar da ƙara, a kotunan jihar New York kwana 120, kuma sau da yawa sai an cinye mafi yawansa kafin a tuna da mu. Za ta rubuta "process server Bronx" a Google, ta ga sunaye uku a ƙarƙashin taswira, ta fara bugawa daga na sama. Ba ta da lokacin karanta tarihinka. Abu huɗu take son sani: kana zuwa wannan adireshin? Yaushe za ka yi zuwan farko? Nawa ne? Yaushe takardar rantsuwa, wato shaidarka a rubuce cewa ka kai sammacin, za ta iso hannunta? Wanda ya ɗauki waya ya amsa huɗun nan, shi ya samu aikin. Wanda wayarsa ta shiga saƙon murya, an wuce shi, kuma ba za a dawo ba.

Na biyu shi ne abokin sana'a a wata jiha, wanda lauyansa ya ba shi takardar da za a kai New York, yana neman wanda zai miƙa wa. Wannan ba kasafai yake shiga Google ba, kundin ƙungiya yake buɗewa. Na uku kuma mutum ne da ke shari'arsa da kansa ba lauya: mace mai neman saki, mai gida da ɗan haya, wanda ya kai ƙara kotun ƙananan da'awa. Waɗannan Google da Yelp, wani shafin sharhi a kan sana'o'i, ke kawo su, kuma zan dawo kansu, don suna da nasu hali.

Gyara takardunka kafin ka fito fili

Akwai abin da yawancin masu barin kamfani ba sa lura da shi. Lasisin da ke hannunka na mutum ɗaya ne: ya ba ka damar kai takarda da hannunka. Ranar da talla ta yi aiki, takardu suka yi maka yawa, ka miƙa wa wani abokinka biyu ya kai maka a cikin birni, ka shiga aikin kamfani, shi kuwa lasisinsa daban ne. Lamunin mutum ɗaya dala 10,000 ne, na kamfani dala 100,000. Saboda haka kada ka rubuta a kundi cewa kana da tawaga alhali kai kaɗai ne, kuma kada ka karɓi abin da ya fi ƙarfin ƙafarka. Ka kuma tambayi hukumar yadda lamuninka zai kasance idan ka bar inuwar kamfani, kafin ka ajiye aiki.

Tsananin nan yana da tarihi, kuma lauyoyi ba su manta ba. A 2009 babban lauyan jihar na lokacin, Andrew Cuomo, ya je kotu yana neman a soke hukunci kusan 100,000 da aka yanke a bayan idon mutane, saboda wani kamfanin kai sammaci na yankin Long Island a jihar New York mai suna American Legal Process ya riƙa rantsuwa cewa an kai takardu alhali ba a kai ba. Mutane sai dai su wayi gari su tarar an riƙe asusunsu na banki a kan shari'ar da ba su taɓa jin labarinta ba. Bayan haka ne birni ya yi dokar 2010 da ta kawo lamuni, da jarrabawa, da na'urar da ke rubuta wuri da lokacin kowane zuwa. Ma'anar wannan ga tallarka ita ce lauyan da bai san ka ba da zargi yake fara kallonka. Lambar lasisinka ita ce abu na farko da ke kwantar masa da hankali, don yana iya duba ta a shafin hukumar cikin minti guda. Dokar birni ma ta ce lambar ta fito a tallar mai lasisi. Sa ta a kowane kundi, a layin farko na bayaninka.

Sai suna da lambar waya. Zaɓi suna ɗaya. Idan ba sunanka na yanka za ka yi amfani da shi ba, ka yi masa rajista a ofishin akawun gunduma ko ka buɗe kamfani a jiha. Ka ware lambar waya ta aiki, wadda take mallakinka, ba wadda wani mai talla ya ara maka ba. Wannan sunan da wannan lambar za ka rubuta ko'ina, harafi da harafi, domin injinan bincike suna gwada bayanan kundaye da juna, idan suka ga saɓani sai su rage yarda da kai.

Google: inda za ka zuba rabin ƙoƙarinka

Shafin sana'a na Google, wanda tun 2021 ake kira Google Business Profile, kyauta ne. Shi ke sa ka fito a taswira, kuma a nan zan daɗe, don a nan ake yawan tuntuɓe.

Ka yi rajista a matsayin sana'ar da ke zuwa wurin mutane, ba wadda ake zuwa wurinta ba. Za ka ba Google adireshinka na gaskiya don tantancewa, sannan ka ɓoye shi, ya zama yankin aikinka kawai ake gani. Ga mai gyaran famfo da ke da shagon da ake zuwa wannan zaɓi ne. A gare mu tilas ne. Aikinka shi ne miƙa wa mutum takardar da ba ya so, wani ka same shi a gaban iyalinsa, wani a wurin aikinsa. Jihar New York ta mayar da dukan mai kai sammaci babban laifi a 2016, kuma ba don nishaɗi aka yi dokar ba. Kada ka bar wa mai fushi taswirar ƙofar da 'ya'yanka ke kwana.

Wasu don gudun haka sai su yi hayar akwatin gidan waya ko ofishin suna kawai a Manhattan, su sa shi a matsayin adireshi. Ƙa'idar Google ta hana duka biyun, kuma idan aka gano, dakatar da shafin ake yi, taurarin yabon abokan ciniki da ka tara su ɓace daga idon jama'a har sai an warware, abin da ke iya cin makonni. Haka ma cusa kalmomi a cikin suna. Idan sunan sana'arka kalma uku ne, kada ka ƙara masa "mafi sauri, mafi araha, Bronx, Queens, Brooklyn". Za ka ga wasu sun yi haka kuma suna sama. Abokan gasa ne ke kai ƙararsu, kuma ba sa daɗewa.

Wajen rukuni, akwai na masu kai sammaci, da sunansa. Shi za ka zaɓa a matsayin babba. Kada ka zaɓi na lauya ko na mai binciken sirri don ka ga ana yawan neman su: na farko zai jawo maka masu neman shawarar shari'a, na biyu kuma sana'a ce mai nata lasisin a jiha.

Tantancewa yanzu galibi da bidiyo ake yi, ɗauka ɗaya ba yankewa. Ka shirya kafin ka danna: ka fara daga alamar titi da lambar gini, ka shiga, ka nuna teburin aikinka da firinta da katin sana'a da lasisi da takardar rajistar suna. Ka kawar da duk takardar shari'a daga kan teburin tukuna.

Yankin aiki shi ne wurin da son zuciya ke shiga. Google ya yarda ka lissafa wurare har 20, muddin ba su wuce tafiyar kusan awa biyu a mota daga mazauninka ba. Sai mutum ya cika gurbi ashirin ɗin nan tun daga Staten Island har ƙarshen Long Island. Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa wajen jera sunaye: dacewa da abin da aka nema, da nisa, da shahara. Abin da muke gani a aikace shi ne nisan daga ainihin adireshinka ake auna shi ko da ka ɓoye, don haka rubuta Staten Island ba zai sa ka fito a can ba. In ma ka fito, yi lissafi: kuɗin gada, da mai, da awa uku a hanya, a kan takarda ɗaya da wataƙila sai ka koma sau uku kafin doka ta yarda ka liƙa a ƙofa ka aika ta gidan waya. Ni da zan fara yau daga inda kake, Bronx zan sa, da arewacin Manhattan, da Yonkers da Mount Vernon da ke maƙwabtaka da kai a gundumar Westchester. Ka zama wanda ya san wane gini ne a titin Grand Concourse ƙararrawarsa ba ta aiki, da wane lokaci mai kula da ginin ke fitar da shara har ƙofa ta kasance a buɗe. Wannan sanin ne babban kamfani ba ya da shi.

Gurbin bayani harafi 750 ne, ya ishe ka. Rubuta shi da Turanci mai sauƙi, ka amsa tambayoyin matar Atlanta: lambar lasisi, yankin da kake zuwa, irin takardun da kake kaiwa, cikin kwana nawa kake zuwan farko, ko kana karɓar na gaggawa, cewa ana iya turo maka takarda ta imel ka buga da kanka, da cewa kowane zuwa yana da hoto da shaidar wuri da lokaci. Kada ka rubuta cewa kana kai sammaci kowace rana ba dare ba rana. Dokar New York ta hana kai takardar ƙarar da ba ta laifi ba ranar Lahadi, kuma lauyan da ya san haka, da ya ga wannan alkawarin zai gane ba ka san aikinka ba. Lokutan da ka sa a shafin su zama lokutan da za ka ɗauki waya da gaske.

Ka rubuta harsunan da kake ji. Bronx cike take da mutanen Afirka ta Yamma, 'yan Ghana da Nijar da Gini da Gambiya da sauransu. Mai jin Hausa da Faransanci ko Twi yana iya tsayawa a bakin ƙofa ya fahimci ko wanda ake nema yana gidan, ko ya tashi, ko ya yi tafiya gida, alhali wani sai dai ya rubuta "ba a amsa ba" ya juya. Wannan daraja ce da lauya zai biya. Amma ka san da cewa wata rana sunan da ke kan takardar na wanda kuke sahu ɗaya ne a masallaci. Idan haka ta faru, ni nakan mayar wa lauyan aikin in gaya masa dalili. Ya fi a zo kotu ana tambayar alaƙarku.

Hotuna kuwa: fuskarka, da katinka, da gaban kotun gunduma da ke 851 Grand Concourse idan kana so. Ban da takardar kowa, ban da ƙofar kowa.

Kundayen 'yan sana'a

Nan ne abokinka ya yi gajeren bayani. Ƙungiyar masu kai sammaci ta ƙasa, NAPPS, an kafa ta a 1982, ofishinta yana Portland a jihar Oregon, kuma tana da kundin mambobi da ake bincikawa da sunan gari ko lambar yanki. Suna neman wanda ya yi aƙalla shekara guda a sana'ar, kai kuwa ka wuce nan. Akwai kuma ƙungiyar jiha, NYSPPSA. Kuɗin shekara ake biya a duka biyun. Amfaninsu shi ne duk wanda ya buɗe kundin nan aiki ne a hannunsa, ba yawon kallo yake ba, kuma yawancinsu abokan sana'a ne da suka san yadda ake turo takarda da cikakken umarni. Ribar kowace takarda ta fi ƙanƙanta, tunda shi ma mai turowa zai ci nasa, kuma wasu sai bayan wata suke biya. Amma wanda ya gwada ka sau ɗaya ya ga takardar rantsuwa ta dawo da wuri ba kuskure, duk abin da ya samu na Bronx kai zai turo wa. Ƙungiyar ƙasa tana da kwamitin da ke sauraron ƙorafi idan mamba ya hana mamba kuɗinsa, kuma wannan kaɗai yana sa mutane su biya.

Sai ServeNow, wanda ba ƙungiya ba ne, kundi ne na kasuwanci da aka gina don sana'armu kawai, kana biya gwargwadon yankin da kake son fitowa. Shafukansa sukan fito a sama idan an nemi mai kai sammaci a wani gari, don haka matar Atlanta tana iya isowa gare ka ta nan ko da ba ka cikin ukun taswira. Da ƙaramin jari irin naka, ƙungiya ɗaya zan fara shiga. Idan aiki ya fara shigowa sai ka gwada wannan a kan Bronx kaɗai, na ɗan lokaci, ka ga abin da ya kawo.

Sauran ba sa buƙatar dogon zance. Bing Places, kundin injin binciken Microsoft, yana iya kwafo bayananka kai tsaye daga Google, kuma ya cancanci minti goma saboda kwamfutocin ofis da yawa da Bing suke buɗewa. Kundin sana'o'i na Apple na masu iPhone ne. Yelp da Facebook ka buɗe na kyauta, ka cika su daidai, ka bar su. Wasu kundayen da zarar ka yi rajista za su fara kiranka su sayar maka da talla. "A'a, na gode" ta isa. Shafin intanet naka na kanka, ko da fuska ɗaya ce mai farashi da yanki da inda za a loda takarda, yana ƙara wa duk waɗannan ƙarfi.

Taurari da sharhi

Sana'armu tana da wata matsala da mai gidan abinci ba ya da ita: mutumin da ka fi haɗuwa da shi ido da ido ba shi ne abokin cinikinka ba, kuma ba ya murna da ganinka. Wata rana za ka buɗe waya ka ga tauraro ɗaya daga wanda ka miƙa wa takardar tashi daga gida, yana cewa ka buga masa ƙofa da sassafe. Kada ka mayar da martani da zafi, kuma kada ka rubuta komai da zai nuna akwai shari'a a kansa, ko suna, ko adireshi, ko irin takardar. Layi biyu sun isa: cewa ba ka tattauna aikin kowa a fili, kuma mai ƙorafi yana iya kiran lambarka. Kana iya kai rahoto ga Google cewa ba abokin ciniki ba ne. Wani lokaci su cire, wani lokaci su bari. Lauyoyi sun san irin wannan sharhin, wasu ma dariya yake ba su, don ya nuna kana isa ƙofa.

Maganinsa shi ne sharhin gaskiya ya fi shi yawa. Lokacin roƙo shi ne sa'ad da ka tura takardar rantsuwa, musamman a aikin da ya ba da wahala: layi ɗaya a ƙarshen imel da mahaɗin shafinka na Google. Mataimakan lauyoyi sun fi lauyoyin kansu rubutawa, kuma sharhin da ya ce "ya same shi a zuwa na biyu, ya turo hoto nan take" ya fi taurari biyar marasa magana. Google ya yarda ka roƙa, bai yarda ka biya ko ka yi ragi a kai ba. Yelp ko roƙon ma ba ya so. Kada kuma ka tara 'yan uwa da abokan majalisa su rubuta maka. Tun Oktoban 2024 hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fara aiki da dokar da ta haramta sharhin ƙarya da sayensa, tarar tana iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi. Ban da tara ma, kai mutum ne da abincinsa ya rataya a kan rantsuwa. Ranar da aka kira ka gaban alƙali don a tantance ko ka kai sammaci da gaske, lauyan ɗaya ɓangaren zai tono duk abin da zai nuna kai mai ƙarya ne.

Masu shari'a da kansu, waɗanda na ce zan dawo kansu, su ne suka fi rubuta sharhi mai daɗi, su ne kuma suka fi cin lokaci. Karɓi kuɗinka kafin ka fita. Gaya musu tun farko cewa kuɗin na zuwa ne, ba na tabbacin samun mutum ba, kuma zuwa nawa ya ƙunsa. Za su tambaye ka wace takarda za su cika, ko me alƙali zai ce. Wannan shawarar shari'a ce, ba hurumin ka ba ne, ka tura su ofishin taimako na kotu. Kuma idan wani ya kira ba shi da lambar shari'a, ba shi da takarda, burinsa kawai ka gano masa inda wata mata ta koma, ajiye wayar. Fitowa a intanet tana jawo irin waɗannan ma.

Mai kundi 100

Abin da yake sayarwa akwai shi, ba lallai damfara ba ce: manhaja ce da ke watsa sunanka da lambarka a kundaye da yawa a lokaci guda. Ga kamfani mai rassa hamsin tana da amfani. A gare ka, yawancin kundayen nan babu mataimakiyar lauyan da ta taɓa buɗe su, kuma da yawansu da kansu suke kwasar bayanai daga manyan dillalan bayanai irin su Data Axle da Foursquare. Yi lissafi da alƙalumanka. A ce dala 100 yake so a wata, dala 1,200 ke nan a shekara. A ce bayan mai da fakin da kuɗin gidan waya dala 40 ke rage maka a takarda. Sai ya kawo maka takarda 30 kafin ka mayar da kuɗinka, kuma waɗanda ba za ka samu ta Google ko ƙungiya ba.

Idan har kana son saurarensa, tambaye shi abu uku: da imel ɗin wa za a buɗe shafukan, lambar wa za a sa, kuma me zai faru da su ranar da ka daina biya. Idan amsar ita ce nasa, tasa, kuma za su koma yadda suke, to haya kake yi a gidan da za a iya tashinka kowane lokaci. Idan kuwa ya ce daga Google yake, ko ya ce za a rufe shafinka in ba ka biya ba, ko ya nemi ka karanto masa lambar sirri da aka turo maka a waya, kashe kiran. Google ba ya karɓar kuɗi a kan shafin sana'a, kuma da wannan lambar ake ƙwace shafin mutum.

Yadda za ka san wanne ke aiki

Duk wanda ya kira ka karon farko, kafin ku yi sallama ka tambaye shi inda ya samu lambarka, ka rubuta a gefen aikin: tushe, kuɗin da ya biya, da ko ya sake dawowa. Google yana nuna maka yawan waɗanda suka danna lambarka, amma bai san wanne ya zama aiki ba. Littafinka ne ya sani. Sabon shafi ba ya hawa sama a mako guda, musamman a birnin da tsofaffin kamfanoni suka tara sharhi na shekaru, kuma babu wanda zai iya yi maka alkawarin matsayi na ɗaya, tunda Google bai bayyana nauyin da yake ba kowane ma'auni ba. Saboda haka kada ka saki aikin kamfanin gaba ɗaya tun yanzu, idan yarjejeniyarku ta ba ka damar yin naka a gefe. Karanta ta da kyau, kuma kada ka taɓa abokan cinikinsu.

Wani ɗan abu da zai bambanta ka a wayar farko: tun 1 ga Janairun 2024 kotunan jihar New York suna karɓar shaidar da mutum ya sa wa hannu da kansa a ƙarƙashin hukuncin rantsuwar ƙarya, ba sai an je wurin mai hatimi, wato jami'in da ake rantsuwa a gabansa, ba. Kotun wata jiha tana iya cewa sai da hatimi, wata ma tana da fom nata na musamman. Tambayi mai kiran wanne kotunsu take so tun kafin ka fita, ka kuma tambaye ta ko dokar jiharsu ta yarda a bar takardar a hannun wani babba a gidan, domin galibi ƙa'idar kotun da shari'ar take ita ake bi.

Ƙananan ofisoshin lauyoyi da ke kewaye da titi na 161, kusa da kotuna, ba ta kundi za ka same su ba. Waɗannan da ƙafa ake zuwa, da kati a hannu, ka gaisa da wadda ke teburin gaba, don ita ke raba aikin. Bayan ka fita za ta rubuta sunanka a Google ta ga ko kai wane ne, shi ya sa nake so shafin ya riga ka zama daidai. Bayan wata shida ka buɗe littafinka: duk kundin da kake biya wanda bai mayar da kuɗinsa ba, ka soke shi, ka mayar da kuɗin kan ƙungiya ta biyu ko kan manhajar da ke tura wa lauya hoto da lokaci tun kana bakin ƙofa.